Filin Kiwo: Idan Ɓeran Masar Ya Karkata Kai Yana Tangaɗi

Yawancin wasiƙun da suka iso mana tun daga tsakiyar hunturu a kan ɓeran Masar suke, ƴar dabbar nan marar wutsiya da yara ke kiwo a keji, wadda masu Faransanci ke kira kobay. Mun tsinto waɗanda suka shafi karkatar kai da tangaɗi, muka taƙaita su, muka cire sunaye kamar yadda aka saba.

Tambaya: Assalamu alaikum. Ƴata mai shekara tara tana da ɓerayen Masar uku. Ɗaya ya yi ta atishawa lokacin hazo, har muka ɗauka ya warke. Yau kwana uku ke nan kansa ya karkace, kunnen dama na kallon ƙasa, in zai tafi sai ya riƙa zagaye wuri ɗaya ya faɗi. Maƙwabciyata ta ce iska ce ta buge shi, wata kuma ta ce wuyansa ne ya karye. Yarinya ta hana ni sakat da kuka. (Wata uwa, unguwar Zariya, Maradi)

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya, a rarrashi yarinya. Da wuyan ne ya karye, da ko tashi ba zai iya ba balle zagaye. Abin da kika kwatanta, mura da farko sannan karkatar kai, ya fi kama da ciwon can cikin kunne, kuma shi ne kan gaba cikin abubuwan da ke sa ɓeran Masar ya karkata kai.

Kunne kashi uku ne. Akwai na waje da muke gani. Bayan dodon kunne akwai wani ɗan kogo na ƙashi, shi ne na tsakiya. Can ciki kuma akwai ƴan bututu uku masu lanƙwasa, cike da ruwa, waɗanda ke shaida wa ƙwaƙwalwa duk juyin da kai ya yi, suna cikin sashen daidaiton jiki. Kogon tsakiyar yana da wata siririyar hanya da ta haɗa shi da bayan hanci, to ta nan ƙwayoyin cutar mura, irin su Streptococcus da Bordetella, ke hawa su tara mugunya. Mugunyar wannan dabba kauri gare ta kamar kindirmon da aka tsane, ba ta gangarowa da kanta. In kumburin ya taɓa bututun nan uku, kunne ɗaya sai ya riƙa aika saƙon ƙarya, dabba ta ji kamar ƙasa na juyawa da ita. Hajijiya ce mai tsanani. Kan yakan karkata ne wajen kunnen da ke ciwo, zagayen ma ta wannan ɓangare, don haka a naki na dama ake tuhuma. Kar ki yi mamaki in kin leƙa kunnen kin gan shi tas. Cutar tana bayan dodon kunne, inda ido ba ya kaiwa.

Kafin ki kai shi likita, duba abu huɗu, don za su taimaka masa. Ki zauna a ƙasa, ki ɗora shi a cinya, ki kalli ƙwayar idonsa: in tana fizga gefe da gefe ita kaɗai, wannan ya ƙara tabbatar da kunne, in kuwa sama da ƙasa take yi, ko ƙafafun ɓangare ɗaya sun saki, ko hankalinsa ya gushe, to ana jin tsoron abin ya kai ƙwaƙwalwa. Ki taɓa kusurwar idon dama a hankali da yatsa mai tsabta, ki ga ko zai ƙifta. Jijiyar da ke motsa fuska ta kusa da kogon kunne take bi, in ta taɓu ido ba ya rufuwa, ya bushe, ya yi gyambo. Ki shafa ƙarƙashin haɓa da wuya ko akwai ƙullutu, don irin ƙwayar cutar nan tana tara maruru a wurin. Sannan ki tambayi yarinya cikin lallashi ko ya taɓa suɓucewa daga hannunta. Faɗuwa daga tsayin ƙirjin yaro kan siminti ta isa ta jijjiga masa kai, yara kuma sukan ɓoye don tsoron faɗa.

Akwai wanda ke karkata kai don kawai ido ɗaya ya mutu, yana neman gani da mai lafiyar. Shi wannan tafiyarsa daidai take, ba ya faɗuwa, kuma za a ga farin yana a idon.

Kar a ɗiga masa komai a kunne: ba man ja, ba ruwan albasa, ba turare. Har maganin ɗigon kunne na mutane, musamman mai gentamisin ko newomisin, in dodon kunne ya fashe shiga ciki zai yi ya ƙarasa lalata sashen daidaiton. Kar a sa tsinken auduga, kar kuma a yi ƙoƙarin miƙe masa wuya. A raba shi da sauran biyun, a sa shi a ƙaramin kwali ko baho, a nannaɗe tsofaffin tawul a jera su kewaye da shi yadda zai samu abin jingina, a rage haske da hayaniya, abinci da ruwa dab da bakinsa. Ki kai shi yau ko gobe da safe, ofishin ma'aikatar kiwo ko asibitin dabbobi mai zaman kansa. Amsoshi biyu da ke biye ki karanta su kafin ki fita.

Tambaya: Barkanku da aiki. Nawa ma haka ya yi. Mai sayar da magani a kasuwa ya ba ni kafson amoksisilin ya ce in farke in zuba masa a ruwa. Babana kuma yana da sauran allurar da ake yi wa awakinmu. Ban ba shi ko ɗaya ba tukuna. Wanne ya fi? (Wani ɗan makaranta, Tibiri)

Amsa: Madalla da ka tsaya ka tambaya, ɗanmu. Ko ɗaya kar ka ba shi. Da ka ba shi kafson nan, da ƙila shi zai kashe shi, ba kunnen ba.

Ɓeran Masar yana narkar da ciyawa ne da taimakon ƙwayoyin halitta masu amfani da ke zaune a wata babbar jaka ta hanjinsa. Penisilin da danginsa, wato amoksisilin da ampisilin, suna share waɗannan masu amfanin, sai wata muguwar ƙwaya mai suna Clostridium ta samu fili ta yaɗu ta zuba guba. Cikin ƴan kwanaki dabba ta bar ci, ciki ya kumbura, zawo ya ɓarke, ta mutu. Haka eritromisin da linkomisin da klindamisin da tailosin suke yi masa. Allurar awaki kuwa, in mai haɗin penisilin da istireptomisin ce, haɗari biyu ne a kwalba ɗaya, kuma yin ta ta allura bai cire haɗarin ba. Oksitetrasikilin mai dogon zango ma a bar wa awaki kayansu. Garin maganin kaji da ake zubawa a ruwa shi ma a yi hattara, yawancinsa haɗe-haɗe ne, sau da yawa da tailosin ko eritromisin a ciki.

Likitocin dabbobinmu aikinsu na kullum shanu ne da jar akuya da kaji, ba kowace rana ake kawo musu ɓeran Masar ba. Saboda haka ba rashin ladabi ba ne ka ce, "Likita, an ce wannan ba ya ɗaukar dangin penisilin." Ka kuma je da nauyinsa, a auna a sikelin da ke nuna giram. Babba yakan kai giram 700 zuwa 1,200, kuma da wannan lamba ake lissafin komai.

Magungunan da aka saba ba shi ba tare da wannan matsala ba su ne kotirimoksazol da enrofuloksasin da kuloramfenikol. Likita ne zai zaɓa, amma ga lissafin don ka gane abin da aka rubuta maka. Kotirimoksazol ana ba da miligiram 15 zuwa 30 a kan kowane kilo, sau biyu a rana. Siron yara yana ɗauke da miligiram 240 a mililita 5, wato 48 a kowace mililita, ke nan ɓera mai giram 800 ba zai wuce rabin mililita safe, rabin mililita dare ba. Enrofuloksasin miligiram 5 zuwa 10 ne a kilo, sau biyu a rana. Wanda ake samu na kaji mai kashi 10 cikin ɗari yana da miligiram 100 a mililita, ya yi ƙarfin da ba za a iya auna shi kai tsaye ba. Sai a ɗebi mililita 1 a zuba a mililita 9 na dafaffen ruwa da ya huce, a ba mai giram 800 daga mililita 0.4 zuwa 0.8 na wannan haɗin, a riƙa sabunta shi kullum. Ba a so a ba ƙananan da ke kan girma shi don yana taɓa guringuntsin gaɓoɓi. Kuloramfenikol yana ratsa wuraren da wasu ba sa kaiwa, amma mai ba da shi ya sa safar hannu, don illarsa ga ɓargon mutum ba wasa ba ce.

Abin da ya fi kayar da mutane shi ne wa'adi. Mugunyar da ke cikin kogon ƙashi magani ba ya isa gare ta da sauƙi, shi ya sa ake yin mako huɗu zuwa shida ana bayarwa. In ka ga sauƙi a kwana biyar ka daina, cutar za ta dawo, kuma ta dawo da taurin kai. A baki ake ɗura shi da sirinji, ba a ruwan sha ba, tun da marar lafiya ba ya shan abin da za ka iya lissafawa.

Ciwon kunne da zafi yake. Maganin raɗaɗin da ya dace shi ne meloksikam, wajen rabin miligiram a kilo sau ɗaya a rana, amma ƙwayar mutane ta miligiram 7.5 ta ninka abin da yake bukata sau goma sha, likita ne zai haɗa maka, kuma sai dabba na shan ruwa sosai. Deksametazon da ake yawan haɗawa da allurar dabbobi yana karya masa garkuwar jiki, a ƙyale shi sai in likita ya ga larura ta musamman. In aka fara kowane magani ka ga zawo ko ya bar ci gaba ɗaya, ka dakatar ka koma wurin likita a ranar.

Tambaya: Likita ya rubuta mana magani mun fara jiya. Amma tun shekaranjiya da dare bai ci komai ba, ko ganyen salat da yake so in na miƙa masa sai ya kai baki ya kuskure. In bar shi har yunwa ta kama shi? (Wata malamar makaranta, Madarunfa)

Amsa: A'a Malama, wannan ba irin dabbar da ake bari yunwa ta koya wa hankali ba ce. Karkataccen kai ba ya kisa da sauri, rashin ci ne ke yi. Hanjinsa an yi shi ne ya riƙa aiki dare da rana. In ya yi awa 12 bai ci ba hanjin ya fara tsayawa, iska ta taru, in ya kai kwana ɗaya zuwa biyu hanta ma ta fara lalacewa. Ke za ki ciyar da shi, daga yanzu.

Ki samu sirinji na mililita 1, ki cire allurar, ki yanke ɗan siririn bakin da reza, ki goge kaifin. Ki daka busasshiyar ciyawa mai laushi ko ganyen harawa a turmi, ki tankaɗe da rariya mai ƙananan ido. Cokali biyu na garin, cokali ɗaya na dafaffiyar kabewa da aka murtsuke, ɗan yankin jan tattasai da aka niƙa, sai ruwan ɗumi har ya yi kaurin koko. A bar shi ya jiƙu minti goma don kar ya toshe sirinjin. Ba madara, ba kunu mai sukari, ba burodi. Waɗannan kumbura masa ciki suke yi.

Wanda ba ya ci ko kaɗan yana bukatar aƙalla mililita 60 na wannan a kan kowane kilo a yini da dare. Ki raba shi shida, wajen mililita 10 duk bayan awa uku zuwa huɗu, har da sau ɗaya cikin dare a kwanakin farko. Ki naɗe shi a tawul, cikinsa a ƙasa, ƙafafunsa a kan cinyarki. Kar ki kwantar da shi rigingine kamar jariri, kar kuma ki murɗo kansa ya miƙe, ki bar shi yadda ya karkata. Bayan dogayen haƙoran gaba akwai giɓi inda babu haƙori, ta nan gefe za ki zura bakin sirinjin. Ki matsa kashi ɗaya cikin uku na sirinjin, ki tsaya har ki ga yana tauna ya haɗiye. In bai tauna ba kar ki ƙara, abin zai bi ta huhu. Zama ɗaya yakan ci minti ashirin, ba aikin gaggawa ba ne. Ruwa ma haka, kaɗan-kaɗan tsakanin abinci. Bukatarsa ta yini wajen mililita 80 zuwa 100 ce a kilo, har da wanda ke cikin abincin.

Akwai wani abu da mutane kan ji ƙyama in an faɗa. Ɓeran Masar yana cin wani kashi mai laushi da yake fitarwa, kai tsaye daga jikinsa, daga nan yake samun wasu sinadarai da ƙwayoyin hanji masu amfani. Mai hajijiya ba ya iya sunkuyawa ya kai can. Ki ɗauki sabon kashi biyu ko uku na ɗan'uwansa mai lafiya, ki dama da ruwa kaɗan, ki ba shi awa biyu bayan magani. A ƙara masa bitamin C, miligiram 30 zuwa 50 a rana: ƙwaya mai 500 a narkar a mililita 10 na ruwa, a ba shi mililita ɗaya, sauran a zubar don ba ya kwana. Ki karanta kwalin, a tabbata bitamin C ne zalla, don akwai mai haɗe da farasitamol.

Ma'auninki biyu ne, kashi da sikeli. Mai lafiya yakan zubar da kashi har kusan ɗari a rana, dogaye masu sheƙi. In suka ƙanƙance suka bushe, abincin bai isa ba. In babu ko ɗaya tsawon rabin yini, ko ciki ya yi tauri kamar ganga, ki koma likita. Ki auna shi kowace safiya kafin ya ci. Ragin giram 50 gargaɗi ne, giram 100 kuwa gaggawa.

Idon da ba ya ƙiftawa a riƙa ɗiga masa ruwan gishirin wanke ido na farmasi, a bi da man ido ko hawayen roba sau huɗu a rana, marar kotizon.

Tambaya: Kejina yana ƙarƙashin rumfar kwano. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na tarar da ɗaya kwance a miƙe, yawu na zuba, in ya tashi sai ya yi tangaɗi ya faɗi. Kansa bai karkata ba. Shi ma kunnen ne? (Wani tela, Sabon Gari, Maradi)

Amsa: Wannan zafi ne, Malam, kuma ya fi kunne saurin kisa. Duk da sunansa, ɓeran nan ba shi da haɗi da Masar. Asalinsa tsaunukan Andes ne a Kudancin Amurka, wajen Peru da Bolibiya, ƙasa mai sanyi. Ya fi jin daɗi tsakanin digiri 18 da 24, daga 28 ya fara wahala, ba ya kuma yin gumi. Maradi a Afrilu da Mayu ana haura 40 a inuwa, ƙarƙashin kwano kuma sai abin da ya ƙaru.

In ka tarar da shi haka, ka shigar da shi ɗaki mafi sanyi, ka jiƙa masa kunnuwa da ƙafafu da ciki da ruwan randa, kana yi masa fifita. Ban da ruwan ƙanƙara, kuma kar a tsoma shi tsundum: sanyi mai yawa na matse jijiyoyin fata ya riƙe zafin a ciki. In yana iya haɗiya, a ɗiga masa ruwa kaɗan-kaɗan, in ba ya iyawa kar a ɗura. Zafin jikinsa na lafiya tsakanin 37.5 ne da 39.5, da ya sauko nan a daina jiƙawa. Ko ya farfaɗo a kai shi likita, don ƙoda da hanji sukan nuna tasu illar washegari.

Daga Maris har ruwa ya sauka, keji ya koma ɗakin ƙasa ko gindin randa. A rataya jiƙaƙƙen buhun algarara a gefe ɗaya, a bar ɗayan a buɗe iska ta ratsa. Gorar ruwa mai ƙanƙara da aka naɗe a tsumma, ko fasasshen tayil, in an ajiye masa zai je ya kwanta jikinsu da kansa.

Tambaya: Ina da lambu, ina kiwon zomaye da ɓerayen Masar a ɗaki ɗaya, abincinsu harawa da dusa da ragowar ganyen lambu. Cikin wata biyu ɓeraye biyu sun karkata kai, zomayen kuwa lafiya lau. Me nake yi ba daidai ba? (Wani manomi, Jiratawa)

Amsa: Haɗin nan shi ne farkon abin da za ka gyara, Malam. Zomo yakan ɗauki Bordetella a hancinsa yana harkarsa garau, amma in ta shiga ɓeran Masar sai ta zama ciwon huhu ko na kunne. Kare ma yana ɗauke da ita. Banda haka zomo na harbi da ƙafar baya, bugu ɗaya a kai ya isa. A raba musu ɗaki, ba keji kaɗai ba, kowa da kwanonsa. Duk sabon da ka sayo ya yi mako biyu zuwa uku shi kaɗai kafin ya shiga cikin sauran. Ka shiga ɗakin ka durƙusa daidai tsayinsu ka shaƙa: in zarnin fitsari ya yi maka yaji a hanci, to hancinsu a cikinsa yake kwana, shi ke ƙona hanyar numfashi ya buɗe wa cuta ƙofa. Garin katako mai laushi da ƙurar hunturu ma haka suke yi. A canja shimfiɗa sau biyu a mako, a kaɗe harawa a waje kafin a zuba, a tsince ƙarangiya. Ka kuma wanke hannu da sabulu bayan ka taɓa marar lafiya, don wani nau'in Streptococcus ɗin yana iya kama mutum.

Na biyu abinci. Zomo jikinsa na haɗa bitamin C da kansa, ɓeran Masar kuwa kamar mu yake, sai ya ci. Harawa da dusa kusan babu shi a ciki. Bukatarsa miligiram 10 zuwa 30 ce a rana, kuma mako biyu zuwa uku na rashi sun isa a fara ganin alama: gaɓoɓi su yi ciwo, ya riƙa tsalle-tsalle kamar zomo ko jan ƙafa, dasashi na jini, gashi ya yi buzu-buzu. Wannan ba ya karkata kai, amma yana raunana jiki har mura ƙarama ta haura kunne. Kai da ke Jiratawa maganin na gabanka. A giram 100, gwaba tana da fiye da miligiram 200, jan tattasai wajen 125, kabeji wajen 35, karas kuwa da mutane ke dogaro da shi bai wuce 6 ba. Yankin jan tattasai na giram 20 a rana ya wadatar da ɓera ɗaya. Ɗanyen zogale yana da shi sosai, busasshe kuwa yawanci ya tafi, kuma zogale da harawa duka suna da sinadarin kalsiyam mai yawa da ke kawo tsakuwar mafitsara, saboda haka ciyawa ta zama ita ce tushen abinci, su kuma ƙari. Ban da albasa, tafarnuwa, ganyen tumatir da na dankalin Turawa.

Sai feshi. Ganyen da aka yi wa maganin ƙwari kwanan nan yana sa tangaɗi da makyarkyata da dalala da zawo, baƙin ido ya tsuke. Bambancinsa da kunne shi ne yakan kama da yawa lokaci guda, jim kaɗan bayan cin abinci. Wannan dabba ba ta iya amai, don haka kar a ɗura mata madara ko man ja da nufin ta harar. A ɗauki kwalbar maganin a ruga wurin likita da ita.

Tambaya: Tawa tana sosa jiki har ta yi ƙara, ta faɗi tana shure-shure kamar mai farfaɗiya, sannan ta tashi garau. Gashin bayanta ya zube. (Wata ɗaliba, Tasawa)

Amsa: Ƴarmu, wannan ƙazuwa ce. Wani ƙwaro ne da ido ba ya gani, mai suna Trixacarus, yake haƙa cikin fata, azabar ƙaiƙayin ce ke kayar da ita. Maganinsa ibamektin ne, miligiram 0.2 zuwa 0.4 a kilo, a maimaita bayan kwana 10 zuwa 14 har sau uku, duk na kejin a yi musu, a ƙona shimfiɗa. Na shanu yana da miligiram 10 a mililita, ke nan rabonta bai kai ɗigo guda cikakke ba. Likita ne zai auna, don in ya yi yawa shi kansa yana kawo tangaɗi da mutuwa. Kar ki yi mata wanka, yana tsananta abin, kar kuma a kusanto ta da fiya-fiya ko ruwan wankan kaska.

Tambaya: Macen tana da tsohon ciki, ta yi ƙiba sosai, jiya ta bar ci, yau tana layi tana rawar jiki. (Wani magidanci, Gidan Runji)

Amsa: Ka tashi yanzu, Alhaji. Cikinsu kwana 59 zuwa 72 ne, kuma a mako biyun ƙarshe, ko makon farko bayan haihuwa, mace mai ƙiba in ta bar ci jikinta sai ya hau ƙona kitse, guba ta taru a jini, sukari ya faɗi. Kafin ka isa likita, in tana haɗiya, ka ɗiga mata mililita ɗaya zuwa biyu na ruwan sukari, nan kaɗai muka yarda da sukari. Gaskiya kaɗan ne ke tashi in abin ya kai rawar jiki. Sauran matan kar a bari su yi teɓa da dusa, kar a sauya musu wuri ko abinci gab da haihuwa, kar kuma kwanonsu ya taɓa zama wayam.

Tambaya: Mun gama mako shida na magani. Yana ci, yana gudu, yana kukansa in ya ji motsin leda. Amma kan yana nan a karkace. Mu ci gaba da maganin ne? (Wata kaka, unguwar Bagalam, Maradi)

Amsa: Sannu da ƙoƙari, Iya, kun yi aiki. In fizgar ido ta tsaya, ba majina, nauyi ya daidaita, karkatar da ta rage yawanci tabo ce. Sashen daidaiton da ya lalace ba ya sabuntuwa, ƙwaƙwalwa ce ke koyon aiki da kunne ɗaya da ido. Wasu kan ya miƙe a hankali cikin watanni, wasu haka za su ƙare rayuwarsu, shekara biyar zuwa bakwai kamar kowane. Tsayar da magani ko ƙara mako biyu, likitan da ya gan shi ne zai yanke. Inda ake iya ɗaukar hoton ƙashin kai, wanda ake kira radiyo, shi zai nuna ko kogon kunnen na cike har yanzu.

Kejinsa ya zama shimfiɗe, ba bene ba tudu, ƙasan kuma ba waya ba. Kwanon ruwa marar zurfi mai nauyi, don mai tangaɗi yana iya kifawa cikin mai zurfi. Jikoki su riƙa wasa da shi a zaune a tabarma, in za a ɗauke shi hannu ɗaya a ƙirji ɗaya a ƙugu, a manna shi da jiki. Yanzu yana iya komawa cikin ƴan'uwansa, kaɗaici na rage masa ci, sai dai a sa ido kwanakin farko kar a ture shi daga kwano.

Abin da za ku fi lura da shi haƙora ne. Haƙoransa 20 duka girma suke har abada, tauna ciyawa ce ke goge su. Wanda fuskarsa ta taɓu yakan tauna da gefe ɗaya, turamen ɗayan gefen su yi tsini su soki harshe ko kumatu. Ku ɗaga leɓensa duk mako: in bakin haƙoran gaba ya fara cinyewa a karkace, ko haɓa na jiƙe da yawu, ko yana ɗaukar abinci yana yarwa, a kai a duba turamen. A auna shi duk Juma'a a rubuta a takarda. In atishawa ta dawo, ko karkatar ta ƙaru, ko ya soma birgima, a koma likita a ranar da takardar maganin farko a hannu, don ya san wanda aka riga aka ba shi.